Gwaji Goma, Faifai Iri Ɗaya

Kwamfuta uku, aikin kammala karatun ɗalibai bakwai, da mutuncina a Potiskum: abin da wani Bakano ya jefa mini cikin hatsari ke nan a ƙarshen shekarun casa'in.

Lokacin ina saro tsofaffin kwamfutoci a wurinsa, ina sayar wa masu shagon buga takardu. Wata rana ya haɗa mini da manhajar gyaran faifan ajiya. Ya ce ya gwada ta sau goma.

Bai yi ƙarya ba. Amma kowane faifai da tsarin da yake jera kayansa, kamar yadda kowane mai kanti yake da nasa jeri. Goman nan duk tsohon tsari ne, shi ya tsara su da hannunsa. Sababbin da suka fara shigowa kuwa tsarinsu daban. Na sa manhajar a shagon wata hajiya a unguwar Bolewa, manhajar ta ga jerin da ba ta sani ba, ta ɗauka ɓarna ce, ta "gyara". Komai ya tafi. Ɗaliban da aikinsu ke cikin kwamfutocinta suka cika ƙofar shagona.

Da na same shi a Kano, dariya ya yi. "Alhaji, ku da kuka saba da shanu, ina ku ina kwamfuta? Hannunka ne."

Na ci gaba da sayen kayansa. Mai son rama mari ba ya nisa da kunci.

Bayan damina ya zo Potiskum da kansa, zai sayar wa wata makaranta kwamfutoci, manhajar kuma kyauta a matsayin gyara. Shugaban makarantar ya kira ni in duba masa kayan. Na tafi da faifai uku, kowanne da tsarinsa.

"Malam," na ce wa shugaban, "a garin nan ba a sayen bijimi don an ga tafiyarsa a kwalta. Sai an ja shi cikin yashi da taɓo."

Bakanon ya ce, "Na gwada sau goma."

"A kan me?"

Ya ce faifaina ruɓaɓɓu ne, na shirya masa tarko. Na ce to a bar nawa, a gwada a tasa kwamfutar, sabuwar da ke cikin motarsa, wadda duk harkokinsa ke ciki.

Shugaban ya zuba masa ido. Da Bakanon ya ƙi, da ciniki kawai zai rasa. Girman kai ya sa ya kunna. Ina tsaye ina cin goro har manhajar ta gama "gyara" masa.

"Hannunka ne, Alhaji," na ce.

Hajiya ba ta sake sayen ko waya a wurina ba, ɗalibi ɗaya kuma sai da ya maimaita shekara. Wannan ba ta dawowa. Cinikin makarantar ya dawo hannuna, shi kuma bai ƙara sauke kaya a Potiskum ba. Idan na auna, asarata ta ɗan fi. Amma tasa a gaban jama'a aka yi ta.