Ranar da Jikata Ta Ba Ni Ido Na Ci

Ko zan manta komai na zamana a Jidda, ban da ranar da jikata ta fara yi mini Hausa.

Lokacin ba mu daɗe da komawa unguwar Aziziyya ba, bayan an rushe tsohuwar unguwarmu Karantina. Yarinyar shekararta huɗu, haihuwar Jidda ce. Duk abin da aka faɗa da Hausa tana ji sarai, amma sai ta mayar da Larabci. Ni kuwa Larabcina na cefane ne. Nakan ce a raina, wato haka zan mutu ban yi hira da jinina ba?

Wata safiya maƙwabciyata mai aikatau a gidan wasu Turawa ta shigo da ƙatuwar leda. Ta ce, "Hajiya, karɓi. Jiya suka yi bikinsu na Halowin, wanda yara ke shigar dodanni suna bin ƙofa-ƙofa ana ba su alewa. Ragowa ce, madam ta ce in kwashe."

Nan take dabara ta faɗo mini. Ban yi boko ba, amma ranar na zama malama. Na shimfiɗa tabarma, na kira yaran benenmu, na kafa doka: duk alewar da na zaro, wanda ya faɗi launinta ko kamarta da Hausa, tasa ce.

"Ja!" "Kabewa!" "Jemage!" Yara sai cafkewa suke, harsuna duk sun rine. Jikata kuwa ta naɗe hannu ta tura baki, tana cewa da Larabci a ba ta tata, yalla, wato maza-maza.

Na ce, "Da Hausa, uwar taurin kai."

Ta ce, "Halas!" wato shi ke nan. Ta juya mini ƙeya.

Na sake zura hannu a leda ban duba ba, na zaro wani abu mai laushi. Jama'a, ƙwayar ido! Fara sol, da jajayen jijiyoyi, tana kallona. Na kwarma salati, na yi jifa da ita, ni mai ciwon gwiwa sai ga ni a kan kujera, ɗankwali a ƙasa. Yara suka zube suna birgima.

Jikata ta tsinto abin, ta zo tana shessheƙar dariya, ta miƙo mini.

"Kaka, ba ido ba ne. Alewa ce. Sauko ki ci!"

Na ƙame a kan kujerar. "Me kika ce?"

"Na ce ki sauko, matsoraciya!"

Wallahi na sauko na ci. Tsami kamar tsamiya, ina tauna ina dariya hawaye na zuba. Daga nan ta ƙwace ledar, ta koma ita ce malama, har la'asar bakinta bai huta ba.

Abin da na koya shi ne, doka da toshiyar alewa ba su buɗe bakin yaro. Ranar da ya ga kana bukatarsa, da kansa zai yi maka magana.