Ruwan Goggo a Lambuna

Akwai wani ɗan rafi da ke saukowa ta bayan Wuro Patuji, mu dai mayo muke ce masa. Da rani, masu lambu na sama kan tare shi da buhunan yashi da safe, in la'asar ta yi su buɗe wa na ƙasa. Goggona, ƙanwar babana, ita ce can ƙarshe, da ɗan lambunta na yakuwa da alayyahu. Da shi take ci tun rasuwar mijinta.

Sai ƙungiyarmu ta masu albasa ta sayi ƙaton inji, aka ja tiyo, aka haura tudu da ruwan zuwa ɗaya kwarin, inda ƙasa ta fi kyau. Lambuna yana can. Ruwan da ya haura tudu kuwa ba ya komawa mayo. Ko an ɗage buhu da la'asar, laka ce kawai ke isa wurin Goggo.

Ni mai baki ne, kowa ya sani. A gaban mai unguwa na yi ta sababi cewa wannan zalunci ne, har aka ce in zauna. Na zauna. Amma ban cire nawa tiyon ba, kuma albasata ba ta taɓa kyau irin na bana ba. Wallahi kunya nake ji in an yaba mata.

Wata ranar ina ban ruwa na ji sallama. Goggo ce, ta hauro tudun da jarka, tana haki.

"Ɗana, ka yarda in ɗiba? 'Yar yakuwar da na bari ta iri ce ba na so ta mutu."

Na ce, "Haba Goggo, ai ruwanki ne."

Ta ce, "A'a. Nawa ba ya hawa tudu."

A wurinmu, wanda ya ɗebi ruwan lambun wani yakan bar masa ɗan abu daga nasa. Da jarkar ta cika, ta kwance bakin zaninta ta ajiye mini ɗaurin yakuwa, duk ta yanƙwane. Na roƙe ta ta ɗauke, ta ƙi. Jarkar ma da ƙyar ta bari na kai mata gida.

Matata ta yi miya da yakuwar, na kasa kai loma baki. Washegari da safe layina ne na ban ruwa, na je na tayar da injin.