Masu Hoto da Masu Hawa

Mu matan da muka bi mazajenmu karatu Kuala Lumpur, a kan wurin wasa gida biyu muka rabu. Akwai masu hoto, akwai masu hawa. Masu hoto za su ci kwalliya da leshi, su kafa ɗauri, su shiga wurin suna taku ɗai-ɗai, duk inda suka ga fenti mai kyau su tsaya a ɗauke su a tura gida. Ko lilon jarirai ba sa hawa, kada ɗauri ya rushe. Masu hawa kuwa ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma ni da 'yata ta fari muna ciki. Tun ranar da na fara hawa jirgin nan mai gudu a kan ƙarfe yana kifa mutum, ina saukowa bayan layi na sake komawa. Maigidana, da ke digiri na uku a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak, aikinsa riƙon jaka. Wai shi mai iyali ne, ba zai yi wasa da ransa ba.

Akwai wani babban wurin wasa a bayan gari da muka mayar gidanmu na biyu, har katin shekara muka yi. Abin da ni da yarinyar muka fi so a can wani tsohon kwalekwale ne, fentinsa duk ya ɓare. Yakan hau da mutum sama a hankali yana ƙara kamar tsohon keken ɗinki, sannan ya sake shi cikin ruwa. Mukan fito sharkaf, hijabina ya manne a jiki, masu hoto suna kallonmu suna girgiza kai.

Na ce "yarinyar", don da haka na saba. A gidanmu ba a faɗar sunan ɗan fari. Ba a yabonsa a gaban mutane, ba a shigar masa faɗa, ko ɗaukarsa ba a cika yi ba in da ido. Haka innata ta yi wa yayanmu, haka na tashi na gani. Tawa kuma ga ƙari, sunan surukata aka sa mata. Shekararta goma sha ɗaya a lokacin, ban taɓa buɗe baki na faɗi sunan nan wani ya ji ba. In zan kira ta, "ke" ce. In zan aiki ƙaninta wurinta, "yayarka". A asibiti ko makaranta in an tambaye ni sunanta, fasfo nake miƙawa. Ita kuwa tana da shekara huɗu muka zo, a unguwarmu ta Sentul ta yi wayo, cikin 'ya'yan maƙwabta da iyayensu mata ke rungume su a bakin lif suna kiransu da suna har da ƙari. Ban taɓa zama na yi mata bayani ba, don ni ma ba wanda ya yi mini.

Da korona ta zo aka kulle gari, wurin wasa ma aka rufe shi. Muna ɗaki, maigida yana fama da rubutunsa a teburin cin abinci, yara suna karatu ta waya. A tsakiyar kullen nan mai tsawo sai masu wurin suka saki talla: suna gina sabon ɓangare, wai Garin Cikin Gajimare. Bidiyon bai kai minti biyu ba. Gidaje farare suna lilo a sama, gada ta gilas, yara na gudu suna dariya, ba layi, ba rana, ba gumi.

Zaurenmu na mata a waya ya kama da wuta. Da ma duk Juma'a bayan la'asar mukan haɗu ta bidiyo, a fara da karatu a ƙare da hira, to hirar gaba ɗaya ta koma kan Garin Gajimare. Jagorar masu hoto Hajiya ce, matar wani malamin jami'a, ta girme mu duka, ita ke karɓar duk sabuwar zuwa ta nuna mata inda ake samun attarugu da manja. Ita dai ta gama yanke hukunci, ba a taɓa gina abu mai kyan wannan ba. Har ta ware atamfar da za ta sa, mai ruwan sararin samaniya. Ni na ce kyau ba ya kifa mutum, a nuna mini abin hawa. Wata ta ce ai talla kwaɗaitarwa ce, ba a zuba komai a faranti ɗaya. Wata ta ce su dai a buɗe, ko fili ne da kujera za ta je, ta gaji da kallon bango. Mako uku muna abu ɗaya, kuma gaskiya muna jin daɗinsa, don ya fi lissafin waɗanda suka kamu.

Duk wannan yarinyar tana gefe tana nata aikin. Tana da tsohuwar taswirar wurin, irin ta takarda da ake bayarwa a ƙofa. Ta riƙa tsayar da bidiyon tana dubawa, tana gwada shi da taswirar, tana rubutu a bayan littafin lissafinta. Wata Juma'a muna tsaka da musu sai na ji kanta a kafaɗata, ta leƙo cikin wayar.

"Hajiya, ina wuni. Don Allah ku duba wani abu," in ji ta, da Hausarta mai gauraye. "Yaron nan mai jar riga, shi ne mai koriya, shi ne kuma a kan gada. Same boy. Gidajen ma zane ne, ba su da inuwa. Abin hawa ɗaya ne tak suka nuna, sau huɗu, daga gefe daban-daban. Kuma kun ga hasumiyar da ke baya? A taswira tana kusa da kwalekwale. So wurin kwalekwalen suka rushe suka yi wannan."

Ni kuwa wani daɗi ya cika mini ƙirji har na ji kamar in tashi tsaye. Duk mu manya, wasu da digiri biyu, ba wadda ta lura da ko ɗaya.

Hajiya ta gyara gilashinta ta ce, "Ikon Allah. Yaran yanzu, manya na magana suna tsoma baki. Ke da ko tsayin hawa wasu abubuwan ba ki gama kaiwa ba?"

Matan suka yi dariya. Yarinyar ta juyo ta dube ni, jira take. Na san tana da gaskiya, na kuma san abin da take jira. Amma bakina ya riga ya saba da hanyarsa. Na ce, "Ke, tashi ki ba mutane wuri."

Ta tashi ta kwashe taswirarta ta tafi. Daga ranar ta daina nuna mini abin da take rubutawa. In na tura ta aiki ta yi, in na yi magana ta amsa da "okay" ta wuce. Bayan kwana biyu ina wanke-wanke na ji ta ta tambayi babanta da Turanci, a hankali, wai ko kunyarta nake ji a gaban mutane. Ya ce mata al'ada ce. Ta ce wace irin al'ada ce uwa ba ta san sunan 'yarta ba. Na tsaya da kwano a hannu, raina ya ɓaci, da ita da ni kaina. Kunya ce kam, amma ba irin wadda take nufi ba, kuma na rasa da wane harshe zan raba mata su. A gida da kakanni da gwaggwanni sun cike wannan gurbin, su yabe ta, su shigar mata, ta gane shirun uwa ba ƙi ba ne. A hawa na sha huɗu a Sentul, ƙofa a kulle, ni kaɗai take da.

Watanni suka wuce, aka yi rigakafi, aka sassauta doka, wurin wasa ya buɗe. Muka sa rana mu duka, iyali wajen shida. A ƙofa aka auna zafin goshinmu, kowa da takunkumi, ana ta nuna mana layin da aka shata a ƙasa. Ni da yarinyar ba mu yi shawara ba, ƙafafunmu suka nufi wajen kwalekwale. Babu shi. A wurinsa ga Garin Gajimare: titi guda, gidaje na katako da fuska kawai, bayansu ƙarafa, sai injin da ke feso hayaƙi fari a ƙafafun mutane. Shagunan sayar da kofi da 'yar tsana sun fi komai yawa. Abin hawa ɗaya ne, ga layi har ya naɗe.

In faɗi gaskiya, wurin yana yin kyau a hoto. Hajiya ta sha atamfarta, ta tsaya cikin hayaƙin, ta sauke takunkumi na ɗan lokaci aka ɗauke ta, ta fito kamar a kalanda. Da muka zauna a benci muna hutawa ta ce mini gwiwoyinta ba sa barinta hawa komai, kuma tsohuwarta a gida ba abin da ke sa ta dariya irin waɗannan hotuna. Ban sake yi wa masu hoto tsiya da zafi irin na da ba.

Amma musu bai mutu ba. Nan a bencin aka dasa sabo, ana ba juna tazara ana ɗaga murya ta cikin takunkumi. Wasu suka ce an yaudare mu, wasu suka ce ai ba a yi mana alkawarin komai ba, mu muka cika sauran da kanmu. Sai wata daga cikin waɗanda suka fi kowa dariya a ranar nan ta ce, "Ni fa tun farko na faɗa muku zane ne. Na ce kwalekwalen nan za su cire."

Yarinyar tana tsaye ɗan nesa da mu, ta juya baya, tana kallon inda ruwan yake a da. Na san ta ji. Kafaɗunta kawai na gani sun ɗan sauka.

Ban san lokacin da na janye takunkumina ba. Na ce, "A'a, ba ke kika faɗa ba." Sai na faɗi sunan, cikakkensa, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. "Ita ta faɗa, 'yata. Ita ta gano yaron, ita ta gano inuwar, ita ta ce kwalekwale za a rushe. Duk muna zaune, kuka yi mata dariya, ni kuma na kore ta. Ta fi mu ido, mu duka."

Hajiya ta riƙe haɓa. Ta san gidan da na fito, ta san abin da na yi. Can ta ce, "To, gaskiya ne. Yarinya ta yi gaskiya."

Ita kuwa wadda aka yi dominta ba ta juyo nan take ba. Ta waiga hagu, ta waiga dama, tana neman wanda ya ambace ta, don ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba. Da ta gane, ta tako a hankali ta tsaya a gabana. Ido kawai nake gani a saman takunkumi.

"Umma, ke kika faɗa?"

Na ce ni ce.

"Na ɗauka ba ki iya ba."

Na jawo ta na zaunar kusa da ni, a gaban kowa, duk da kunyar da nake ji. Na ce mata tun ranar da aka raɗa mata shi nake faɗarsa, sau biyar kullum, goshina a ƙasa. Ita ce dai ba da ita nake maganar ba.