Makullin da Na Mayar

Ranar Lahadi, da an idar da sallar asuba, maigidana ba ya komawa barci. Sai ya kunna talabijin a ɗan falonmu na unguwar East Greensboro, a nan ƙasar waje, ya kalli tseren motoci daga Turai. Karatun digiri ne ya kawo shi, amma tarihin tseren nan ya haddace shi tsaf: wa ya ci a shekarar kaza, da wace mota, sau nawa. Ni ina goye da ɗanmu, ina suyar ƙwai.

"Malam, wai ina za su ne?"

"Ba inda za su. Zagayawa suke yi."

"Duk wannan gudun, su dawo inda suka tashi?"

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

In an gama, sai mu tafi filin ajiye motoci na wani kanti ya koya mini tuƙi, don a garin nan wanda ba ya tuƙi ba shi da ƙafa. Ina zagaya turakun fitila yana cewa, "Hajiya direba, a haka ko kunkuru sai ya wuce ki." Na fara iyawa fa, har ribas.

Sai Lahadin nan da ake tseren a Italiya. Motar da ke gaba ta zo kwana, ba ta karya ba, ta daki bango. Malam ya miƙe tsaye yana lissafa mini kofunan da direban ya ci.

"Yana da uwa?" na ce.

Wannan bai sani ba.

Daga baya aka ce direban ya mutu. Da wata Lahadin ta zagayo na kama sitiyari, na duba madubi, na ga ɗana a kujerarsa yana tsotsar yatsa. Gwanin gwanaye ma bango ya ɗauke shi, balle ni. Ƙafata ta ƙi taka totur. Na zare makullin na miƙa wa Malam. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya haƙura.

Bayan shekaru, ranar da yaron zai rera waƙa a makarantarsu, Malam ya yi tafiya, wata Anti maƙwabciyarmu da za ta ɗauke ni a motarta kuma ta manta. Na ci kwalliya na tsaya jikin taga har rana ta karya. Ga mota a ƙofar gida, ga makulli rataye a ƙusa.

Da motar makaranta ta sauke shi, ya tambaye ni da Turanci me ya hana ni zuwa. Na ce ya cire takalmi, abinci yana hucewa.