Takardar Bindigar Mahaifinmu

Kafin in fara, ina roƙon a yi mini uzuri. Kwana tara ke nan da dawowata, kuma yawancin tafiyar nan na yi ta ne gabana yana faɗuwa. Ban rubuta komai a hanya ba, don gudun a gan ni da biro da takarda a tambaye ni dalili. Wataƙila na ɗora maganar wani a bakin wani, ko na kai abin da ya faru a Sheme na ajiye shi a Ɗandume. Abin da na tabbatar zan ce na tabbatar, inda nake shakka kuma zan faɗa.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, maharbi ne kafin ya koma sayar da hatsi a Ƙanƙara. Yana da bindiga mai baki biyu, ta waje ba ƙirar maƙera ba, da lasin ɗinta. Da ya rasu, bindigar ta zauna a hannun ƙanensa, Baffa, wanda ke noma a wani ƙauye bayan Sabuwa. Takardar kuwa ta tafi Faskari wurin yayarsu, Gwaggo, domin ita ke ajiye kowace takarda ta gidanmu. Babu wanda ya ga aibin raba su, sai da Baffa ya bugo mini waya ya ce an yi shela: duk mai bindigar farauta ya kai ta ƙofar gidan hakimi ranar Laraba a rubuta, wanda kuma aka kama da ita bayan nan ba a rubuce ba, za a tafi da shi da ita. Ƙirar gida, sarkin baka, shugaban maharba, shi ne zai tsaya wa mai ita. Ta waje kuwa sai da takarda. Da yake ni ne mai digiri a gidan, ba a ma yi shawara ba, aka ce in je in haɗa takarda da bindiga.

Mun tashi da asuba ranar Talata, ni da wani abokin aikina da muke koyarwa tare, amma tashin bai wuce tashar mota ba. Direba ya ce ba zai taka hanyar Sheme ba sai ya ga motar farko ta shigo daga can. Muka zauna muka sha koko da ƙosai, muna kallon titi kamar masu jiran ganin wata. Ina jin takwas ta wuce kafin wata ƙaramar mota ta iso cike da buhunan barkono, direbanta ya ɗaga hannu ya ce lafiya lau, sannan aka ce mu shiga. Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na biya bara, kuma ba wanda ya nemi ragi.

Masara ta bushe a gonaki, dawa kuma ta yi tsawon da za ta ɓoye mutum a kan babur. Da, wannan abin murna ne. Yanzu kowa a motar idonsa yana kan tsawon nan. Wajen Mabai na ga gona biyu maƙwabta, ɗaya an gyara ta tsaf, ɗaya ciyawa ta cinye ta, ba alamar an sa mata fartanya bana. Ban tambayi dalili ba.

Hirar motar ta sulhu ce tun daga tasha. Wani dattijo mai jar hula ya ce shi dai ba ruwansa da abin da masu rediyo ke faɗa daga birni, bana ya shiga gonarsa ya fito da ƙafarsa, kuma wannan ya ishe shi hujja. Wani da ke gefen direba ya ce to, amma mutanen daji suna shigowa kasuwa da manyan makamai a kafaɗa ana ce masu sannu da zuwa, mu kuma an ce mu yi layi da bindigar harbin zabin daji. Wata mata a baya ta ce duk wannan lissafin zaɓe ne, a duba bango a gani. Gaskiya kuwa hotunan 'yan takara sun fara fitowa, har a jikin wani shagon da rufinsa ya ƙone. Ni na mai da idona kan titi. Ina ganin kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma ban san wanda ke zaune kusa da ni ba.

Mun isa Faskari kafin azahar. Gwaggo ta ƙi buɗe akwati sai da muka ci tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa, muka ƙara. Sannan ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta yi ta fitar da katin asibiti na mutanen da suka daɗe da rasuwa, da takardun filaye, har ta kai ga wani ɗan littafi mai kamar fasfo, an naɗe shi da leda. A ciki ga hoton mahaifinmu yana saurayi, ga lambar bindiga an rubuta da tawada, ga hatimi shafi bayan shafi. Na lura hatimin ƙarshe ya girmi rasuwarsa da shekaru. Na nuna wa abokina, ya ce kada in tayar da hankalin tsohuwa. Ita kuwa cewa ta yi, "Ka riƙe shi da kyau, ɗan nan. Uban naka bai taɓa bari ruwa ya taɓa shi ba."

A nan muka kwana, domin bayan la'asar ba mai fita. Sai da safe, ina sa riga, na gane abin da na ɗauko. In jami'an tsaro suka ga takardar bindiga a aljihuna, za su ce ina bindigar. In kuma mutanen daji ne suka tare hanya suka gan ta, ba za su tsaya duba shekarar hatimi ba, ɗan sa-kai za su ɗauke ni, kuma kowa ya san abin da suke yi wa ɗan sa-kai. Na fara sa ta a safa, sai na ji nauyin taka hoton mahaifina. Na sa a hula, ta ƙi zama. Daga ƙarshe na cusa ta tsakanin takardun jarrabawar ɗalibai da abokina ya taho da su zai duba. Ya ce babu ɗan bindigar da zai iya jure karanta lissafin 'yan aji biyu har ya kai tsakiya. Na yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Akwai gajeriyar hanya ta cikin ƙauyuka, amma babu direban da ya yarda da ita, sai muka zagaya ta Funtuwa, muka canja mota zuwa Ɗandume. In ban manta ba, shinge biyar muka wuce, ko shida. A ɗaya aka sauke mu duka, aka buɗe jakunkuna. Wani jami'i ya ɗaga takardun jarrabawa, ya duba ta sama, ya tambayi abokina ko wannan yaron ya ci. Abokina ya ce bai ci ba. Ya mayar ya ce Allah ya ba da sa'a. Muka koma mota.

Daga Ɗandume zuwa Sabuwa hanyar ta lalace, ramuka sun fi kwalta yawa, itatuwa kuma suna matsowa bakin titi. Ƙasa ce mai albarka, ga rake, ga dankali, ga tumatir a kwanduna ba masu saye da yawa. A tashar Ɗandume ne, ina ji, wani maharbi da ke riƙe da bindigarsa a buhu ya ba mu labarin harsashi. Ya ce da a shago ake saye a fili, mai lasin ya nuna takarda a ba shi kwali. Yanzu shagunan sun rufe, wanda ake samu a ɓoye kuma guda ɗaya ya kai kuɗin kwanon masara ya wuce, ga shi ba ka san ko na kirki ba ne ko tsohon kwanso aka sake cikawa. Ya ce shi ya sa biri ya raina manomi, ya gane ana nuna masa bindiga ne ba a harbawa. Ban iya tantance farashin da ya faɗa ba, yadda na ji na kawo.

A Sabuwa mun sami ƙofar gidan hakimi cike. Maharba sun zauna a inuwa, kowa da bindigarsa a kan cinya, yawanci harbi-ka-ruga, wasu an ɗaure katakonsu da roba, wasu da layu a wuya. A kan teburi akwai jami'in tsaro ɗaya, da wani ma'aikacin ƙaramar hukuma mai rubutu, sarkin baka yana gefe. Baffa ya hango ni ya taso da sauri, ya ce, "Malam, ka zo da ita?" Tun da na gama jami'a yake ce mini Malam, ni kuma har yau kunya nake ji. Na ce na zo da ita, Baffa. Sai ya warware zanen da ya naɗe bindigar, yana murmushi.

Tana walƙiya kamar sabon cokali. Ya ce ba zai kawo bindigar yayansa gaban hukuma da tsatsa ba, a ce ba a riƙe amana ba. Shi ya sa ya kai wa maƙerin ƙauyensu, ya kwana biyu yana bin ta da magagari yana gogewa, aka shafe ta da man keken ɗinki. Na karɓa na juya ta, ina neman inda lambar take. Haruffa biyu na farko suna nan, sun dace da na takarda. Lamba ta uku ana ganin inuwarta. Sauran wuri ne sumul.

Na ce, "Baffa, lambar fa?"

Ya ce, "Wace lamba? Ai ga ta nan cikin takarda, kai ka kawo ta."

Ban san yadda zan gaya masa ba cewa a idon hukuma, ba mai goge lambar bindiga sai wanda ke da abin ɓoyewa. Na yi tunanin in ce mu koma gida, amma komawa da ita ba a rubuce ba shi ne ainihin abin da aka hana. Muna cikin haka aka kira sunansa.

Ba zan zalunci jami'in ba, bai ɗaga murya ba. Ya duba takarda, ya duba hoton, ya tambayi ina mai hoton, aka ce ya rasu. Ya ce lasin ba gado ba ne, kuma wannan ya daɗe da mutuwa tun mai shi yana raye. Sannan ya shafa wurin da aka goge da babban yatsa, ya daɗe yana kallon Baffa, ya tambayi wa ya yi wannan. Baffa ya faɗi sunan maƙerin da alfahari, har yana yaba aikinsa. Na ga mai rubutu ya rubuta sunan. Yanzu mutum biyu ne a ciki.

Wanda ya cece mu a ranar wani tsoho ne da ban sani ba, siriri, mai tsage a kumatu. Daga baya aka ce mini daga unguwannin Maguzawa yake, ya shiga addinin Kirista da daɗewa, kuma shi ne abokin farautar mahaifinmu. Ya taso da sandarsa, ya nuna Baffa ya ce, "Ranka shi daɗe, bindigar ga na san ta tun wanga bai yi gemu ba. A duba gindinta ta hagu, akwai tsaga. Gadu ne ya kore mu, mai ita ya faɗi kan dutse. Ni na ɗaure ta da jijiya." Aka juya, ga tsagar. Sarkin baka ya ce shi ma ya shaida, mai garin su Baffa kuma ya ce ya tsaya masa.

Hukuncin da na fahimta shi ne, Baffa ya tafi gida, bindiga ta zauna. An rubuta cewa an same ta da gogaggiyar lamba, kuma za a kira Baffa da maƙerin bayan mako uku su yi bayani, wataƙila a nan, wataƙila a Katsina. Na nemi a ba ni shaidar karɓa a rubuce, aka ba ni. Baffa ya ninke zanen da ya kawo ta a ciki, ya rataya a kafaɗa. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi wa kowa ba. Abin da ya ce kawai, masararsa ta bakin daji saura kwana goma a karya, birai kuma sun san lokaci. Ya saya mana rake, ya raka mu tasha, ya ce mu yi sauri kada la'asar ta same mu a hanya.

A motar Funtuwa na ba wani fasinja labarin, wanda ya ce tsohon ɗan sanda ne. Ya ce irin waɗannan bindigogi sau da yawa ana buga masu lamba a wuri fiye da ɗaya, har da ƙarƙashin katakon da ake riƙewa ta gaba, inda magagari ba ya kaiwa sai an cire shi. Ya tambaye ni ko an cire katakon an duba. Na buɗe baki in ce a'a, sai na ga ban tabbata ba. Akwai lokacin da jami'in ya juya mana baya da bindigar a hannu, ni kuma hankalina yana kan biron mai rubutu. Abokina ya ce shi yana ganin an karya ta biyu an leƙa bakin kawai. Baffa, da na buga masa waya, ya ce bai san ma katakon yana fita ba.

Mun kwana a Funtuwa, muka iso Ƙanƙara washegari da hantsi. Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Na tafi ina ganin takarda ce za ta kare Baffa, sai ga shi tsagar katako da bakin wani tsoho ne suka hana a tafi da shi a ranar. Na kuma ga cewa dokar da aka yi don masu ɓarna, mai gaskiya ne ke fara zuwa layinta, kuma ba wanda ya zauna ya yi masa bayaninta tun kafin ya kai wa maƙeri. Ciki har da ni, da na tsaya neman inda zan ɓoye takarda, ban tambayi Baffa halin da bindigar ke ciki ba.

Saura kwana goma sha ɗaya a kira su. Ina shirya bayani a rubuce, kuma ba na son in sa abin da ban gani ba. Don Allah, duk wanda ya halarci ƙofar gidan hakimi ranar Larabar nan, in ya ga na yi kuskure a wani wuri, ya aiko a gyara. Musamman wanda ke tsaye ta bayan teburi: shin an cire katakon gaba an duba, ko ba a cire ba? Wanda kuma ya san ƙauyen tsohon nan mai tsage, ya taimaka ya faɗa mini. A rikicen da nake, ko sunansa ban tambaya ba.