Hawa Da-Sauƙi

Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Hawa a nan Tawa, kuma ban taɓa jin ta ce wani abu ya yi mata zafi ba. Shi ya sa 'yan unguwa suka laƙaba mata Hawa Da-sauƙi. Ni ban ga abin dariya a sunan ba.

'Yar Affala ce. Cuku take sarowa wajen matan makiyaya ta kasa a faranti a bakin kasuwa. Mijinta Alƙasum, mai gyaran rediyo, mutumin Barmu, ya shiga addinin Kirista tun yana saurayi a Abijan, ita kuma ta bi shi bayan aure. Danginta suka daina cin abincinta. Na tambaye ta, ta ce da sauƙi. Ƙyanda ta ɗauke mata 'ya'ya biyu cikin mako guda, lokacin ina aikin jinya, ni na rufe musu ido. Nan ma da sauƙi. Sai auta ta rage mata, Tina.

Ni Musulma ce, ban taɓa shiga majami'arsu ba, amma muryar Tina ba sai ka shiga ba. In tana wanke-wanke tana rera waƙa, kashe rediyona nake yi. Ita ce mai ba da waƙa a ƙungiyar matasan majami'ar, saura su amsa. Shugaban ƙungiyar Manzo ne, haifaffen Tawa, uwarsa fura take damawa a bayan tasha. Ku riƙe wannan, zai yi amfani.

Da damina, cikin hutun makaranta, aka gayyace su yawon waƙa Benin da Togo, su ashirin da biyu, na mako uku. Alƙasum da ƙafarsa ya raka Tina tasha. Kwana goma sha biyu da tafiyarsu ya faɗi a shagonsa. Hanta ce. Likita ya duba shi ya ce a mai da shi gida, kuma na san ma'anar wannan. Ran Litinin da safe na ce wa Hawa, “Ba zai ga Lahadi ba. Ki kira ɗiyarki.”

Su Tina suna Lome. Wayoyin yaran ba sa aiki a can, Manzo kaɗai ya sayi layin ƙasar. Ni na danna lambar na miƙa mata.

“Manzo, kuna lahiya? Ya baƙunta?”

“Lahiya lau, Inna. Ya jikin Baba? An ce ba ya jin daɗi.”

“Da sauƙi. Amma a turo mini auta.”

“Inna, saura mana taro biyu kawai, Laraba da Lahadi. Na Lahadi shi ne babba, har da masu ɗaukar hoto.”

“To. A dai turo ta.”

Mu nan ba ma cewa mutum yana mutuwa. Ba a yanka wa mai rai likkafani da baki. Ko rai ya zo maƙogwaro, da sauƙi ake cewa, kuma kowa ya san magana tana bayan amma. Matar da ba ta taɓa roƙon maƙwabta ko gishiri ba ta kira har ƙasar Togo ta ce a turo mata ɗiya, ta maimaita. Wane ɗan ƙasarmu ta Adar ne bai san abin da aka gaya masa ba?

Ni ma ina da nawa laifin. Ina tsaye a gefenta, da bakina da kowa ke tsoro, ban fizge wayar na ce masa mutumin nan mutuwa yake ba. Na ɗauka da Bahaushe ake magana.

Daga Lome zuwa Tawa kwana biyu ne da yini. Da ya sa ta a mota ran Talata, da ta iso ran Alhamis. Alƙasum ya sa aka juya masa gado ya fuskanci ƙofa. Laraba da Alhamis Hawa ta je tasha da laima, ta tsaya har fasinjan ƙarshe ya sauka. Ran Alhamis na kira Manzo da kaina sau shida bai ɗauka ba, sai ya turo saƙo da Faransanci wai suna cikin shiri, zai kira. Ran Juma'a da hantsi Alƙasum ya tambaya ko motar Yamai ta shigo. Hawa ta ce tana hanya. Bai sake magana ba.

Ran Asabar aka binne shi. 'Yan'uwansa na Barmu, da suka shekara ashirin ba su taka gidan ba, sun zo sun tsaya a bakin maƙabarta. Su ma sun iso. Fasto ya samu Manzo a waya ya gaya masa ɓaro-ɓaro. Manzo bai gaya wa Tina ba, wai ba a faɗa wa matafiyi mutuwa. Al'adar da ta ɓace masa ran Litinin ta dawo masa ran Asabar. Ran Lahadi yarinya ta tsaya gaban jama'a ta ba da waƙa, ubanta ya kwana ɗaya a ƙasa.

Ran Laraba da la'asar suka shigo gari, mota tana ham, suna kiɗa, duk cikin atamfa iri ɗaya. Tina ta sauka a bakin layinmu da gudu, riƙe da tsarabar ubanta, tabarau ne, don idonsa ya fara kasa ganin ƙananan wayoyin cikin rediyo. Ta shigo ta tarar da tabarmi da mata zaune, ga gadon an jingine shi a katanga. Ba zan rubuta kukan ba.

Washegari Manzo ya zo gaisuwa tare da fasto da dattawan majami'a. Ya durƙusa nesa da tabarmar Hawa.

“Inna, ya muka ji da haƙuri?”

Ta kau da kai. Sai ya ƙara.

“Da na san abin ya kai haka. Amma Inna, ke da bakinki kika ce da sauƙi.”

Na miƙe. “Kai ɗan wa? A Faransa aka yanke maka cibiya? Ba ni na yi maka allura a ɗuwawu ba kana tsala ihu da Hausa?”

“Yaya Raƙiya, zauna,” in ji Hawa. Ban taɓa jin ta ba wani umarni ba. Na zauna.

Ta dube shi. “Manzo, shekarar da uwarka ta kwanta, kana karatu Yamai, mi aka ce maka a waya?”

Ya sunkuyar da kai.

“Da kai nake.”

“An ce da sauƙi, amma in zo.”

“Ka kwana?”

“Ban kwana ba. Na shiga mota.”

“Ka iske ta da rai?”

“Na iske ta.”

“Ni na kira ka rannan. Kalmar ba ta sake ba, ɗana.”

Fasto ya gyara murya zai yi maganar gafara. Hawa ta ɗaga masa hannu.

“Fasto, gafara tana nan tahe, ba yau ba. Manzo, sake tambayata. Tambaye ni jikin maigidan.”

Ba ta jira shi ba, ta ci gaba.

“To ni in ba ka amsa. Babu sauƙi. Tun Litinin babu. Kwana huɗu yana kallon ƙohwa. Tashi ka tahi.”

Ya tashi. Takalminsa ma a hannu ya fita da shi.

Daga wannan tafiya ƙungiyar ba ta sake ƙetare ko Birnin Ƙonni ba. Iyaye suka ce ba za su ƙara ba da 'ya'yansu ba. Manzo ya samu aiki a Yamai, an ce har yanzu yana nuna wa mutane hotunan taron Lahadin nan. Hawa ta koma bakin kasuwa da farantinta bayan zaman makoki. Tabaran suna cikin kwalinsu a saman tsohuwar rediyo, ta hana a ba kowa. In ka tambaye ta ciwon gwiwarta, da sauƙi za ta ce, ba ta sake hali ba.

Tina tana koyarwa a Bambeye. Shekara biyar ban ji waƙa ta katanga ba, ko da ta zo hutu. Kowace safiya tana kira, kuma ni take kira kafin uwarta.

“Gwaggo, kar ki ce mini komi sai abin da kika gani. Ta ci abinci ko ba ta ci ba?”