Shirun Rediyon Saje

A unguwarmu ta Gyadi-Gyadi, gudu ake fara yi kafin a nemi dalilinsa. Mutum ɗaya ya sheƙo daga bakin titi, masu shaguna sun ja ƙofa, masu adaidaita sahu sun juya kan babur, sai kowa ya shige gida sannan a soma tambayar me ya faru.

Da muna da inda muke kai wannan tambaya. A Daurawa akwai wani tsohon ɗan sanda, Kirista ɗan kudu, da ya yi ritaya ya ƙi komawa garinsu. Saje kowa yake ce masa. Yana da wata tsohuwar rediyo mai doguwar eriya da ke kamo maganar da 'yan sanda ke yi a oba-oba. Ya ce ba tsegumi ke sa shi saurare ba, kewar aiki ce. In an yi gudu sai mu taru a ƙofar gidansa, ya kara kunne ya fassara mana: tankar mai ce ta faɗi, ko ɓarawon waya aka biyo. Wani tsohon ɗalibina da ya zama ɗan jarida ma yakan zauna a bencin ƙofar Saje, kuma na sha jin abin da Saje ya faɗa da la'asar ya fito a labaran yamma a matsayin majiya mai tushe.

Ranar da nake son ba da labarinta, 'yata ta fari tana zana jarrabawar shiga jami'a a wata cibiyar kwamfuta can wajen kasuwar Tarauni. Ba a shiga da waya. Wanda ya fito kafin a gama kuwa ya fito ke nan, sai baɗi. Ita kuma ta riga ta yi zaman shekara guda a gida, zaman da duk muka ji a jikinmu.

Da hantsi aka yi gudu. Kafin in sa takalmi labari ya kasu: wani ya ce harbi ake a Tarauni, wata ta ce gobara ce, wani yaro ya rantse ya ga hayaƙi amma bai tuna ta wace kusurwa ba. Uwar yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa da mayafi a hannu, kallona kawai take. Na tada babur na nufi Daurawa.

Na tarar da cincirindo a ƙofar Saje, rediyon tana kan kujera, ba abin da take fitarwa sai shuuu da wani kuka kamar na kwaɗi. Saje ya yi bayani a natse, da Hausarsa ta bariki: kwanan baya an sauya wa 'yan sanda na'urori, sababbin suna murɗe magana ne yadda sai 'yar'uwarsu ce kaɗai za ta warware ta. Tun lokacin rediyonsa ba ta sake kamo komai ba, ko ranar da gari yake lafiya lau.

Ba wanda ya ji wannan ƙarshen. Wani Alhaji mai shagon siminti ya tuna mana da munanan shekarun nan da muka sani, lokacin da in waya ta ɗauke to abin ya kai inda ya kai. Ya ce kashe oba-oba suka yi, kuma hukuma ba ta yin shiru a banza. Saje ya maimaita bayaninsa, ya sake maimaitawa. Mutane suka watse da labarin Alhaji, domin shi ya yi kama da abin da muka saba. Ni da nake koya wa yara cewa takardar da ba a rubuta komai a kai ba ba amsa ba ce, sai ga ni na bi labarin Alhaji.

Na kira ɗalibin nan nawa. Ya ce, “Wallahi Malam, ni ma ku nake shirin kira.” Yana ofis yana jiran sanarwar kakakin 'yan sanda. Ya ce an gaya musu ɓarayi da masu garkuwa ma suna saurare, shi ya sa aka toshe, kuma shi ba shi da ja. Sai dai da aka toshe wa ɓarawo kunne an haɗa da nasu, ba a bar musu ko taga ba.

A ƙofar cibiyar na iske iyaye sun riga ni. Wani jami'i daga cikin get yana cewa duk mai son ɗansa ya faɗi suna a kira masa shi, amma kada a dawo ana roƙo. Tuni an fara faɗar sunaye. Na ga wata yarinya ta fito tana kuka, mahaifinta na jan hannunta yana waige-waige.

A gefe akwai ɗan sanda ɗaya, da sabuwar oba-oba a ƙirji, wata siririyar waya ta bi ta wuyansa ta shige kunne. Duk abin da nake son sani a duniya yana shiga wannan kunnen. Na matsa na yi sallama.

“Ranka ya daɗe, 'yata na ciki. In ɗauke ta?”

Ya ɗaga mini hannu, ya saurari wani abu, fuskarsa kamar allon da aka goge.

“Ba komai, Malam.”

“Ba komai ɗin gaske, ko wanda ake cewa?”

“Ni ma da aka ce in zo nan, haka aka ce mini.”

Jami'in ya juyo kaina ya tambayi sunan yarinyata. Sunan ya zo har bakina. Wayata na ta ruri a aljihu, na san uwarta ce, na kuma san tambayar da za ta yi. Na kalli titi: shaguna a rufe, amma wani mai rake bai tashi ba, yana ta fere abinsa. Shekara guda ta yarinyar a hannu ɗaya, ranta a ɗayan, kuma hujjata duka mai rake ne. Na ce wa jami'in a bar ta.

Ban zauna ba. Duk babur ɗin da ya yi ƙara sai in waiga. Na auna katangar cibiyar da ido, na zaɓi inda zan haura, ni da ko tsani ba na so.

Bayan azahar ta fito, tana mitar tambayoyin lissafi. Ta tambaye ni me ya kawo ni, ai an ce a adaidaita za ta koma. Na ce hanya ce ta biyo da ni.

Washegari sanarwa ta fito cewa an shawo kan lamarin, jama'a su ci gaba da harkokinsu. Ba a faɗi lamarin ba. 'Yata ta samu gurbi a jami'a. Mahaifin waccan yarinyar kuwa muna haɗuwa a masallacin Juma'a, mu gaisa, kuma har yau ban iya ce masa ya yi kuskure ba.